Yadda za ka riƙe kuɗin gida idan rufi ya fara yoyo, akuya kuma ta kwanta

Damina biyu da suka wuce, cikin watan Agusta, a sati ɗaya iska ta yaye min kwano uku na ɗakin yara, akuyar maman yara kuma ta daina cin abinci cikinta ya kumbura kamar ganga, ga shi saura kwana goma sha ɗaya a yi albashi, abin da ke akawun ɗina ko siminti buhu ɗaya ba zai saya ba. Kusan duk abin da na yi a wannan satin kuskure ne wallahi, to daga nan na koyi abin da zan faɗa maka.

Fara da sanin inda kuɗinka ke tafiya. Ka samu littafi irin na 'yan firamare ka ajiye inda kake ajiye makulli, wata guda cur duk abin da ya fita ka rubuta, har kati da data da ɗari biyun da kake miƙa wa yara da safe. Amma kar ka rubuta naira kawai, ka rubuta da awo: shinkafa kwano nawa, masara kwano nawa, mai lita nawa, dusa buhu nawa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashi ba ya zama wuri ɗaya, lissafin da ka yi da naira yau bayan wata biyu ya zama tatsuniya, amma kwanon da gidanka ke ci ba ya canzawa sai dai in an yi baƙi ko an yi haihuwa.

Sai abu na biyu wanda ni na daɗe ban gane ba, yawancin abin da muke cewa ya zo ba zato yana da lokacinsa. Rufi da katanga da kwata na damina ne. Annobar kaji ta fi yawa da hunturu. Harawa tana tsada ne ƙarshen rani lokacin da ciyawa ta ƙare, kuɗin makaranta kuma Satumba yake jiranka kullum. Don haka cikin Afrilu, kafin ruwan farko, ka kira kafinta ya hau sama ya duba ƙusoshin da suka saki da kwanon da ya yi tsatsa da indararo, abin da za ka ba shi a ranar bai kai kuɗin silin ɗaya da katifar da ruwa zai jiƙa ba. Harawa da ɓawon wake kuma ka saye su da kaka ka ɗora a saman ɗaki inda rana da akuya ba za su kai ba.

Kuɗin ko-ta-kwana kuwa ranar da alat ya shigo ake cire shi, ba ƙarshen wata ba, don ƙarshen wata babu abin da ke saura, kowa ya san wannan. Ko dubu uku ne ko biyar. Na san wanda ke ɗaukar mafi ƙarancin albashin nan na dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024 zai ce malam da me za a ajiye, gaskiya ne da wuya, amma dubu biyu duk wata a shekara dubu 24 ne, kuma ita ce za ta hana ka zuwa ƙofar wani da daddare. Inda za ka ajiye shi ya fi yawansa muhimmanci. Kar ya zauna a akawun ɗin da ke wayarka wanda kake tura wa mai POS da mai shayi, ka buɗe wani daban da ba ka karɓi katinsa ba, ko ka ba uwargida ta saka a asusu in ka san ta fi ka riƙo, ni dai tawa ta fi ni nesa ba kusa ba. Adashe yana da kyau amma ba kuɗin gaggawa ba ne, ranar kwasarka daban ranar da katanga za ta faɗi daban, sai dai in kuna da fahimta da uwar adashe za ta iya roƙar wani ya yi musanya da kai.

Yanzu maganar dabbobi, nan ne zuciya ke shiga lissafi. Akuya da tunkiya da kaji dukiya ce, ita kanta ajiya ce, to kafin likitan dabbobi ya fara komai ka tambaye shi gaba ɗaya nawa abin zai ci kuma yana ganin za ta tashi ko a'a. Ni ban tambaya ba, na je kemis na sayo allura da wani ya ce min tana aiki, na ƙara da jiƙe-jiƙe, sai a kwana na huɗu na kai ta asibitin dabbobi aka ce leda ta ci ta cunkushe mata tumbi, sai dai tiyata. Da na kai ta ranar farko da na huta da kuɗin allurar banza. In kuɗin magani ya doshi rabin kuɗin dabbar kuma babu tabbas, yanka ko sayarwa ba rashin tausayi ba ne, amma ka kiyaye abu uku: in an riga an yi mata allura ka tambayi likita kwana nawa kafin a ci naman, in za ka sayar ka faɗa wa mai saye aibinta, sannan in ta matarka ce to tata ce, ba ka da ikon kai ta kasuwa don ka gyara rufi sai da yardarta, kuma in ta yarda bashi ne a kanka.

Rigakafi ya fi komai arha a harkar nan. Akwai allurar PPR ta awaki da tumaki, ciwon nan mai zawo da majina da ke share garke, akwai ta kaji, cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos tana yin su, ka tambaya a asibitin dabbobi na ƙaramar hukumarku yaushe ake yi. Ka share leda daga tsakar gida kullum. Mai kare kuma ya yi masa allurar haukan kare duk shekara ya ajiye katin, don ranar da ya ciji ɗan maƙwabci kai za ka biya kuɗin allurar mutum, kuma ta ninka ta kare sau da yawa, ban da rigimar unguwa. Mage ba ta da tsada amma don Allah kar ka ba ta farasitamol in ta yi rashin lafiya, guba ne a wajenta, kashe ta yake. In kuma ka ga ba za ka iya ciyar da dabba ba ka ba wanda zai iya, kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare ba ci ba sha.

Gyaran gida ka raba shi biyu. Akwai wanda in ka bar shi yake ƙara girma, yoyo, tsagewar katanga, sokawe da ya cika, wayar wuta da ke ƙauri, waɗannan ba sa jira. Fenti da tayil da tabon silin su jira har bayan sallah babu abin da zai faru. Ka ji bakin mutum biyu ko uku kafin ka ba da aiki, ka je kasuwa da kanka ka sayo kwano da ƙusa da katako, ka yi jinga kan kuɗin hannu kawai, kuma kar ka biya duka kafin a gama, kafin alƙalami ya isa. In gidan haya ne kar ka taɓa komai sai ka kira mai gida ko ejan ya gani da idonsa, ku yarda za a cire daga kuɗin haya, ya turo maka a rubuce ko a WhatsApp ne, don baki yana mantuwa idan shekara ta zagayo.

To in duk da haka sai ka ci bashi fa? Ka fara da mutum kafin manhaja. Ɗan uwa, aboki, kofaretib ta wajen aiki, ko mai sayar da kayan gini ya ba ka kwano ka biya kashi biyu. Ni a wancan satin kunya ta hana ni tambayar yayana, na sauke wata manhajar bashi a waya, cikin minti goma kuɗi suka shigo har ina murna, ashe wa'adin sati biyu ne ga kuɗin ruwa ga tarar makara, da na yi jinkirin kwana uku sai ga saƙo ya je wa mutanen da ke cikin wayata har da surukina. Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu sayayya ta fito da ƙa'idoji kan irin waɗannan manhajoji tun 2022, amma kafin ka kai ƙara mutuncinka ya riga ya zube, ga zunubin riba a kai. Yayan nawa da na guda shi ya biya a ƙarshe, ya kuma yi min faɗan da na cancanta.

Duk bashin da ka ci ka rubuta shi, nawa ne, yaushe za a biya, wa ya shaida, ko da na ɗan uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan haka ta sauka. Wajen biya ka fara da mai ƙaruwa kullum, sai na mai shagon unguwa don shi ne zai ba ka sabulu da suga gobe, sai sauran. In ka ga ranar za ta zo ba ka da shi, kai ka riga zuwa, ka je da abin da ya samu ko kashi ɗaya cikin huɗu ne ka ce Alhaji ga wannan, ragowar sai biyar ga wata, mutane suna haƙuri da wanda ya zo da ƙafarsa fiye da wanda ya kashe waya. Kuma har ka gama biya kar ka shiga sabon adashe, kar ka ɗauki ankon biki, in an matsa ka ce ana gyaran gida ne.

Akuyar dai ta tashi bayan tiyata, ledar da aka ciro ta kusa cika bokitin fenti ƙarami, bara ta haifi biyu muka sayar da ɗaya, da kuɗin na ƙarasa biyan yayana, maman yara kuma ta rubuta a littafin nan cewa tana bina ɗan akuya ɗaya.