Yadda ake bin asalin kalmar sledgehammer

Ɗalibaina na Turanci kan tambaye ni me ya haɗa babbar gudumar fasa dutse da keken ja a kan ƙanƙara, tunda duka ana ce musu sledge. Ga hanyar da nake koya musu.

Fara da raba kalmar gida biyu. Hammer guduma ce, babu gardama. Aikin yana wajen sledge. Buɗe ƙamus mai nuna tushen kalmomi, irin babban Oxford, ka nemi siffarta mafi tsufa. Za ka tarar da slecg a tsohon Turancin Ingila, wato guduma mai nauyi irin masabar maƙera. Danginta slean ne, ma'ana bugu, kuma shi ya haifi slay, kisa. Ka ga ke nan sledgehammer maimaici ce, kamar a ce guduma-guduma, kuma tun ƙarshen ƙarni na 15 ake haɗa su haka.

Inda nake jan kunne sosai shi ne kamannin rubutu, don yana ruɗi. Ka duba lokacin da kowace daga cikin kalmomin sledge biyun ta fara bayyana a rubuce. Sledge ta ƙanƙara daga yaren mutanen Holan aka aro ta, a farkon ƙarni na 17, ka ga ke nan asalinta daban da na sledge ta guduma.