Yadda Ake Gyara Tsohuwar Na'urar Sanyaya Gida Idan Sanyinta Ya Ragu

Da farko a kashe wutar na'urar daga babban makunni, domin fankarta tana iya tashi ba zato. Daga nan a zaro matatar iska a ɗaga ta zuwa haske. Idan hasken bai ratsa ta ba, ƙura ta toshe ta, sai a sauya sabuwa mai girma ɗaya, ana lura da kibiyar da ke nuna inda iska take bi.

Sannan a koma ga akwatin da ke waje, a share ganye da ciyawa har tazarar santimita 60, a wanke siraran ƙarafan jikinsa da tiyo a hankali, saboda ruwa mai ƙarfi yana lanƙwasa su. A zuba ruwan ɗumi a bututun magudana don kada ya toshe.

Bayan an mayar da wuta, a jira minti 15. Idan ƙanƙara ta taru a bututun tagulla, wataƙila gas ɗin da ke sanyaya iskar yana yoyo, kuma wannan aikin ƙwararre ne, musamman ga na'ura mai gas ɗin R-22, wanda Amurka ta hana ƙerawa tun 2020. Kada a taɓa kafasita, wato wata ƙaramar na'ura mai kama da gwangwani da ke cikin akwatin waje, domin tana riƙe wuta ko bayan an kashe.