Yadda Ake Ƙara wa Babur Mai Ƙafa Huɗu Riƙon Ƙasa: Taya da Difarensha

Duk wanda baburinsa mai ƙafa huɗu ya taɓa kafewa a taɓo ya san abin da yake gani: taya ɗaya ta gaba tana juyi a banza tana watsa laka, ɗayar kuwa, wadda take kan busasshiyar ƙasa, ta tsaya cik. Wannan aikin difarensha ne, wato tarin giyoyin da ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin biyu. An ƙera ta domin ta bar tayar waje ta fi ta ciki gudu idan ana shan kwana, amma buɗaɗɗiyar difarensha, wato marar makulli, ba ta iya ba taya mai riƙo ƙarfin da ya wuce wanda taya mai santsi ta ɗauka. Duk da haka, shawarata ita ce kada a fara da kwance difarensha. A fara da taya, domin ita ce mai taɓa ƙasa, kuma gyaranta ya fi sauƙi da araha.

Abu na farko shi ne iska. Tayoyin irin wannan babur suna aiki da iska kaɗan ƙwarai, galibi tsakanin psi 3 da 7 (psi awon ƙarfin iskar taya ne), saboda haka ma'aunin iskar mota ba ya nuna gaskiya a kansu, sai an nemi ma'auni na musamman. Taya mai ƙarancin iska tana baje cikinta a kan yashi da duwatsu, ta ƙara riƙo. Amma idan aka rage fiye da abin da littafin babur ya yarda, tana iya zamewa daga bakin rim ko gefenta ya tsage a kan dutse. Masu son rage iska sosai suna sayen rim mai zobe wanda ake ɗaure bakin taya da shi da notuna.

Idan za a sayi sabuwar taya, a karanta lambar da ke gefenta. Lamba kamar 25x8-12 tana nufin tsayi inci 25, faɗi inci 8, rim inci 12. Tayar taɓo tana da dogayen haƙora masu tazara, waɗanda ke zubar da laka yayin da suke juyawa, sai dai tana jijjiga babur a kan ƙasa mai tauri kuma tana saurin cinyewa. Ta duwatsu tana da haƙora gajeru kusa da juna da gefe mai kauri, kuma a nan ya dace a zaɓi mai ninki 6 ko 8. A zaɓi taya bisa ƙasar da aka fi bi kullum, ko da kuwa akwai wani mugun wuri da ake ratsawa sau ɗaya a shekara.

A yi hattara da sha'awar babbar taya. Tashi daga inci 25 zuwa 28 ƙari ne na kashi 12 cikin 100 a tsayi, kuma kusan gwargwadon haka ƙarfin ja zai ragu a ƙasa. Nauyin ya koma kan bel ɗin giya da aksil, bel ya riƙa zamewa yana ƙonewa, sai an sake saita kuloci ko an rage giya. Haka kuma dole tsayin tayoyin gaba da na baya ya dace da yadda kamfani ya tsara, domin idan suka saɓa, gaba da baya za su riƙa jayayya a duk lokacin da aka sa ƙafa huɗu.

Sai an gama da wannan sannan a dubi difarensha, kuma a fara sanin irin wadda ke jikin baburin. Da yawa ba su da ita a baya sam, tayoyin biyu a haɗe suke, saboda haka gyaran na gaba ne. Wasu nau'o'in Yamaha Grizzly da Suzuki KingQuad suna zuwa da maɓallin kulle difarenshar gaba, Can-Am tana da Visco-Lok mai kamawa da kansa idan taya ta fara zamewa, Polaris kuma tana da nata tsarin da ke haɗa gaba idan baya ya rasa riƙo. Mai irin waɗannan sau da yawa ba ya buƙatar komai sai man da ya dace da gyaran waya ko maɓalli.

Ga wanda tasa buɗaɗɗiya ce ko mai raunin kamu, hanya mafi kyau ita ce makulli da direba ke sawa ya cire da kansa, domin yana ba da cikakken ja a wurin wahala, ya bar tuƙi da sauƙi a sauran hanya. Akwai kuma makulli mai kamawa da kansa, wanda ake sawa a madadin ƙananan giyoyin ciki. Ya fi araha, amma yana ƙara nauyin kan babur. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yi wa ƙananan giyoyin gaba walda. Babur zai riƙa tura kai gaba a kwana maimakon ya juya, hannu zai sha wahala, aksil ya karye, kuma ba a iya mayar da aikin baya.

Wajen aikin kansa, a ɗaga babur a kan matokara masu ƙarfi, a zubar da mai, a cire aksil, a ɗauki hoton kowane mataki, a kuma mayar da siraran zobban ƙarfen da ke daidaita tazarar haƙoran giya daidai inda aka same su. A sa sababbin sil, wato robobin da ke hana mai zuba, a ɗaure notuna da ma'aunin da littafi ya faɗa, a zuba man da kamfani ya ambata. Idan tsohon man ya fito fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga, sai a duba sil da bututun numfashi, a ɗaga bakinsa sama. Bayan haɗawa, a gwada a fili a hankali, a sa makulli a cire sau da yawa ana sauraron ƙara, kuma a riƙa cire shi da zarar an hau ƙasa mai tauri.