Yadda za ka saka Ubuntu kusa da Windows ba tare da ka goge komai ba

Mutane da yawa suna son gwada Linux, wato wani tsarin sarrafa kwamfuta irin Windows wanda Ubuntu ɗaya ce daga cikin nau'o'insa, amma tsoron rasa Windows ne ke hana su, to ai ba sai ka rabu da ita ba, kwamfuta ɗaya tana ɗaukar biyun, duk sanda ka kunna sai ta tambaye ka wacce kake so.

Kafin komai dai ka kwashe kayanka masu muhimmanci ka zuba a wani wurin daban. Wallahi da gaske nake, ni da kaina na taɓa rasa hotunan bikin ƙanwata kaf saboda gaggawa, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. In BitLocker, wato makullin da Windows ke kulle bayananka da shi, a kunne yake, ka rubuta lambobi 48 na buɗe shi a takarda ka ajiye, sannan ka kashe shi. Fast Startup ma, wato tsarin da ke sa Windows saurin tashi, ka kashe shi a Control Panel.

Daga nan ka buɗe Disk Management a Windows, ka danna ɓangaren C da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Shrink Volume ka yanko wa Ubuntu fili. 25GB ne mafi ƙaranci amma ni dai ba na ba ta ƙasa da 50GB, don da ka fara saka manhajoji za ka ga wuri ya cushe. Filin da ka yanko ka bar shi haka fanko, kar ka taɓa shi.

Sai ka sauke Ubuntu 24.04 LTS daga shafinsu, kusan 6GB ce fa, ka tanadi data. Ka samu filashi mai 16GB ka zuba ta ciki da Rufus, manhajar da ke shirya filashi don kwamfuta ta iya tashi daga shi, amma ka sani zai share duk abin da ke filashin. Ka tabbata batirinka a cike yake, don in aka ɗauke wuta ana tsakiyar aikin nan akwai matsala.

Ka kashe kwamfutar, ka soka filashin, kana kunnawa ka dinga danna F9 in HP ce, Dell da yawancin Lenovo kuma F12, sai ka zaɓi filashin. Yanzu ga wurin da ake kuka: ana cikin saka Ubuntu, allon zai nuna maka "Install Ubuntu alongside Windows Boot Manager" da kuma "Erase disk". Na farkon za ka zaɓa. Don Allah ka karanta sau biyu kafin ka danna, na biyun nan shi ya cinye min hotuna, komai yake sharewa har Windows ɗin.

In ya gama ka cire filashin ka sake kunnawa, wani baƙin allo mai suna GRUB zai fito da sunayen biyun, ka zaɓa da kibiya.

Abu ɗaya da zai iya ruɗa ka, in ka koma Windows za ka tarar agogo ya koma baya da awa ɗaya, don Linux da lokacin UTC, wato lokacin bai-ɗaya na duniya, take ajiye agogon, mu kuma a Najeriya da Nijar muna gabansa da awa guda, kar ka je ka makara sallah. Ka buɗe Terminal a Ubuntu, wato wurin rubuta umarni, ka rubuta sudo timedatectl set-local-rtc 1, sannan ka gyara agogon Windows sau ɗaya, shikenan ba zai ƙara ba.