Hoton Ƙofa, Zaure da Gada: Kurakuran da Aka Fi Yi

Hoton bakin ƙofa yana da ɓangare biyu, inda aka fito da inda za a shiga. In ɗaya ya ɓace, hoton ya mutu. Yawancin kurakuran masu ɗaukar irin wannan hoto a Kaduna nan suke komawa.

Babbar matsala haske ce. Ka tsaya cikin zaure a Tudun Wada da tsakar rana, ka fuskanci titi. Hasken waje ya ninka na ciki sau da yawa, idonka yana ganin duka biyun, kyamara kuwa ba ta iyawa. In ka bar mata zaɓi sai ta haskaka bangon zaure, ƙofar ta zama farin fili ba komai a ciki. Gyaran shi ne ka auna haske daga waje. A waya, ka danna wurin da ya fi haske ka riƙe har ma'aunin ya kulle, sannan ka ja shi ƙasa har titin ya fito sosai. A babbar kyamara ka fara da ISO 100 (ƙarfin jin haske), f/8 (faɗin buɗewar idon kyamara) da 1/400 na daƙiƙa (saurin ɗauka), ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Duhu ana iya ɗaga shi wajen gyara, amma farin da ya ƙone ba ya dawowa. In kana son cikin ma ya fito, ka kafa kyamara kan ƙafarta ka ɗauki uku: ɗaya daidai, ɗaya ka rage haske da mataki 2 a ma'aunin kyamara, ɗaya ka ƙara shi da mataki 2, ka haɗa su daga baya. Filasha kuwa ka kashe ta, don tana wanke inuwar da ka zo nema.

Sai karkacewar ƙofa. Ana matsowa kusa da ƙofar, a sa waya a 0.5x mai faɗaɗa hoto, ana ɗaga ta sama, sai ginshiƙan su haɗe kai kamar bukka. Ka ja baya taku huɗu ko biyar, ka koma 2x a waya ko gilashin 50mm a babbar kyamara, ka riƙe kyamara a miƙe daidai tsakiyar tsayin ƙofar, ka kunna layukan allo ka daidaita su da ginshiƙi. Wurin saiti kuma, wato inda kake son ya fi fitowa tas, dokin ƙofa ne. A f/8 abin da ke gaba da bayansa zai fito gwargwado.

Lokaci ma ana kuskurensa. Kaduna tana kusa da tsakiyar duniya, almurunta gajere ne, kusan minti 20 bayan faɗuwar rana an gama. Wanda yake son gadar Kogin Kaduna ko tsohuwar gadar Lugard da ke wurin shaƙatawa na Gamji cikin shuɗin hasken almuru, ya isa tun bayan la'asar ya zaɓi wurin tsayuwa. Ya kuma cire launi daga zaɓin kyamara ya sa ma'aunin launin haske a 5500K, in ba haka ba za ta mayar da sararin toka-toka. Da hunturu hazo yana cinye nesa, don haka a sa abu mai duhu a kusa, ƙarfen gada ko mai kwale-kwale.

Wasu kuma suna ɗaukar wuri fayau ba kowa. Ka tsara hoton, ka jira mai wucewa. 1/250 yana tsayar da mai tafiya, 1/15 bisa ƙafar kyamara yana mayar da shi inuwa mai gilmawa. Ka danna lokacin da ƙafa ɗaya ta tsallake, ɗayar tana baya.

Kuskuren da ya fi nauyi ba na kyamara ba ne. Zaure iyaka ce tsakanin titi da cikin gida. Ka yi sallama, ka nemi izinin maigida, kar ka nuna kyamara bayan labule. A tashar jirgin ƙasa ta Rigasa ka tambayi jami'ai tukuna, shingen bincike da ƙofar bariki kuwa ka mayar da wayarka aljihu.