Ku tambayi mai shago ranar da kaya ke sauka

Jama'a barkanku da warhaka. Ga 'yar shawara ga masu sayayya a ƙananan shagunan unguwa.

In na fara zuwa wani shago, nakan tambayi mai shi wace rana ake kawo masa kaya. Ƙaramin shago ba shi da babban sito, kaɗan-kaɗan yake sarowa, don haka wanda ya je ranar da kaya suka sauka ko washegari shi ke samun sabo. In kuma babu abin da kake nema, kada ka juya kawai. Faɗa masa sunan abin da girmansa, sau da yawa zai haɗo maka a sari na gaba. Da wuya a yi maka haka a babban kanti, don wanda ke tsaye a can ba shi ke da ta cewa kan abin da za a saro ba.

Batun tsada gaskiya ne, kuɗinsu kan ɗan haura, tunda mai sarin kwali 2 ba ya samun ragin mai sarin mota guda. Amma ku lissafa da kuɗin mota da lokacinku.

Sai dai a riƙa duba ranar lalacewar kaya, musamman abin da ba a cika saya ba, yakan daɗe a kan kanta. Na taɓa ɗaukowa ban duba ba, sai a gida na gani. Yanzu kafin in biya nake tambaya ko ana karɓa in an dawo da kaya.