Ga masu son rina faifan disc golf

Jama'a, disc golf wasa ne da ake jefa faifan roba cikin kwando. Kafin ku sayi kayan rini, ku fara duba robar faifan. Roba mai kyau irin Star da Champion na kamfanin Innova, ko ESP da Z na Discraft, ita ce ke shan rini sosai. Mai arha irin DX kuwa koɗaɗɗiya take fitowa, asarar kuɗi ce. Farin faifai ya fi, don launi yana fitowa a kansa yadda yake.

Rinin tufafin auduga ba ya kama roba, ko da baban Ƙofar Mata ne. Ku nemi wanda aka yi domin yadin roba, kamar iDye Poly.

Ni dai hanyar kumfar aski na fi so ga sabon hannu. A zuba kumfar a faranti, a baje ta, a barbaɗa garin rini kaɗan-kaɗan, a ja tsinke a kai don a fitar da zane. Sai a wanke faifan da sabulu, ya bushe, a kifa fuskarsa a kan kumfar. Kada a danna da ƙarfi, kada kuma a motsa shi, in ba haka ba launukan su cakuɗe. A bar shi ya kwana a wuri mai ɗumi, sannan a ɗauraye da ruwan sanyi.

A sa safar hannu. Banda fenti: ƙungiyar PDGA, mai tsara dokokin wasan disc golf, ta amince da rini a gasa, amma ta hana duk abin da ke ƙara wa faifai kauri.